Idan Suka Juya Gabas

Zuwa ga ɗana Mutari,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina roƙon Allah Ya sa takardar nan ta same ka cikin ƙoshin lafiya, kai da duk yaran da ke tare da kai. Allah Ya sauke ku Dantchiao lafiya, Ya sa ƙasar ta karɓe ku, Ya tsare ku daga sharrin hanya da sharrin baki. Innarka tana gaishe ka. Ita ta ce a cusa takardar cikin buhun garinka don kar ka gan ta sai ka isa, saboda haka in ka tarar ta yi fari fat, ba ni na yi ba.

Na san za ka ce, Baba me ya hana ka yi mini bokal, saƙon murya, a waya kamar kowa? Na gwada. Na danna, na ce Mutari, kafin in ankara na ji na fara faɗa. Ka san halina, in abu ya tsaya mini a wuya da faɗa yake fitowa, mai saurare ya tashi da zafin ya bar maganar. Shi ya sa na ɗauko biro, ko ba komai hannuna ya fi bakina sanyi.

Ga yadda na fahimci tafiyarku. Ku yaran da aka haifa a Tafki, waɗanda yaƙi ya koro mu da ku zuwa nan Guci, kun haɗa kanku, kun samu wani dattijo a wani ƙauye kusa da Dantchiao ya ara muku garka, wato lambu, a bakin kwari, ta rani guda. Mutanen furoje, masu tallafa wa manoma, sun ba ku motopam, injin ban ruwa, da iri. In kun yi abin kirki ya bar muku baɗi, in ba ku yi ba ku tattara. Kuma kai suka ɗora gaba, har suna ce maka Firezidan, kai da har gobe innarka ke nemo maka takalmi in za ka fita. Na yi dariya ranar da na ji, amma wallahi na ji daɗi, har na shiga ɗaki don kar a gani a fuskata.

Akwai abin da ba ka gaya mini ba, sai a kasuwar Guci ya zo kunnena. An ce yaranka sun ce wannan ce ta ƙarshe. In garkar nan ta ƙi, za su juya gabas, su koma ruwan Tafki su yi su, kamun kifin da suka gada. Ka san abin da ke cikin ruwan nan. Waɗanda suka ƙone mana tsibiri ba su tafi ko'ina ba, suna nan cikin ciyayi da bindigoginsu. Don haka abin da ka ɗauka a kai ya wuce albasa da shu, wato kabeji, da tumatur. Garkar nan ita ce ke tsakanin 'ya'yan mutane da Tafki, kuma zamanku a cikinta yana hannun mutum ɗaya da ba ya bin ku bashin komai.

Ni ma an taɓa ɗora ni gaba, ka sani. Ba zan gaya maka abin da na yi daidai ba, don ba shi da yawa, kuma mutane sun riga sun faɗa. Inda na faɗi zan nuna maka, ka kewaye.

Shekarar da muka iso Guci, mutanenmu suka ce ni zan riƙa yi musu magana, don a nan aka haife ni, ina da sauran dangi, ga shi bakina ba ya mutuwa. Amma haihuwar kawai aka yi mini a nan. Ban yi wayo ba mahaifina ya ɗauke ni zuwa Tafki, can na yi gemu, can furfura ta same ni. Na dawo ina ɗaukar kaina ɗan gari, alhali ban fi ku sanin ƙasar ba.

Malam Ɗan-Azumi, mai gonar nan ta hanyar Dungas, shi ya fara tausaya mana. Ya yanka mana rabin gonarsa aro, ganin haka wasu ma suka bi sahu, wannan ya ba da gefe, wancan ya ba da saura. Ana dab da damina sai aka yi masa rasuwa a Babura, ya tsallaka iyaka gaisuwa. Na tara mazanmu na ce, “Mutumin nan ya rufa mana asiri, ba mu da abin da za mu ba shi sai ƙarfinmu. Ku dubi gonarsa, duk tsiro, duk ƙaya, tsufa ya hana shi sharewa. Mu yi masa gayya kafin ya dawo, ya zo ya ga abin mamaki.”

Ka gane, a Tafki in ruwa ya ja, duk abin da ya bari sai ka sare ka ƙone, ka shuka masararka cikin laka. Gonar kirki a wurinmu ita ce wadda za ka tsaya a wannan baki ka hango ƙadangare yana gudu a wancan. Haka muka shiga gonar bawan Allah da adda da gatari, muna waƙar da muke yi in muna tuƙa jirgi. Ba rabinmu kaɗai ba, har da nasa. Muka sare duk wani ɗan itace da bai kai tsayin mutum ba, da wanda ya ɗan wuce, muka tara muka cinna wuta. Gona ta yi ƙal. Ranar da zai dawo har riga na sake, na je bakin hanya ina jiran godiya.

Ya sauko daga kabu-kabu, ya tsaya ya dubi gonar. Ya shiga yana bin kututturan ɗaya bayan ɗaya, yana sunkuyawa yana taɓa su. Can ya ɗago ya ce, “Malam Habu, wa ya yi mini wannan?”

Na ce, “Mu ne, Malam. Ba sai ka ba mu komai ba.”

Ya nuna wani kututture da sandarsa ya ce, “Wannan gawon, tun yana kamar yatsa nake gyaransa. Na yi faɗa da makiyaya a kansa, na yi faɗa da jikokina. Shi ke ba gona taki, shi ke ba awakina abinci in rani ya yi tsanani, shi ke tare iska kar rairayi ya binne mini shuka. Na ce ko ni ban ci moriyarsa ba, yara za su ci.” Sannan ya ce, “Allah Ya saka da alheri, kun sha aiki.”

Da ya zage ni da na fi jin sauƙi. Ashe tun ina can ina kamun kifi, mutanen ƙasar nan sun bar share gona ƙal. Sun koma renon itace a cikinta, su zaɓi tsiro mai ƙarfi su bar shi, su rage masa rassa, su yi ta tsaronsa shekara da shekaru. Abin da na ɗauka lalaci ne, shi ne aikin da ya fi ba su wuya. Kuma duk yaron da ke kiwon akuya a Guci ya san haka, da na tambaya da ya gaya mini. Ban tambaya ba, don ni ne shugaba, kuma ni ɗan gari ne.

Malam Ɗan-Azumi mutumin kirki ne, bai tashe mu ba, ya bar mu muka girbe gerommu. Amma da shekara ta zagayo ya ce ɗansa zai dawo daga Libiya, yana bukatar wurin. Sauran ma kowa ya kawo nasa uzurin, cikin ladabi, ba wanda ya ambaci gawo. Haka muka wayi gari ba mu da inda za mu sa fartanya.

To, Mutari, ka ji. Duk abin da ka tarar a garkar dattijon nan, ko kututture ne, ko tsohuwar rijiya da ta rufta, ko 'yar hanyar da ta ratsa ta tsakiya kana ganin ɓarnar wuri ce, akwai dalilinsa, kuma akwai wanda zai yi kuka in an taɓa. Ka je ka durƙusa ka tambaya. Ka tambayi mai garkar, ka tambayi matarsa, ka tambayi maƙwabcin da ke gefe, ka tambayi Bafulatanin da ke kawo shanu shan ruwa. Su yi maka dariya su ce yaran Tafki ba su san komai ba, ka taya su dariyar. Kar ka taɓa yi wa mai masaukinka alheri a ɓoye. Kuma ka kula da motopam ɗin nan. Maƙwabtanku da guga suke ɗiba, in kun bar inji yana zuƙa tun safe har rijiyoyinsu suka ja baya, ba za su zo su gaya maka ba. Wurin mai garkar za su je, kai sai dai ka ji uzuri.

Sai kuma baki. Wannan kam gado ne, na ji ka kana hira, na ji kaina. Wata rana maigari ya kira mu ƙofar gidansa, aka fito da tuwo da miyar kuka. Shekarar ba ta yi kyau ba, su kansu awo suke yi, amma suka raba da mu. Na kai loma biyu, kewar gida ta taso mini, sai na ji bakina ya ce, “Kai, a Tafki ko kare ba ya cin tuwo ba kifi.” Ƙanen maigari ya suɗe hannunsa a hankali ya ce, “To Malam Habu, mu dai karnukan nan haka muka saba.” Aka yi dariya, ni ma na yi, amma na janye hannuna daga tuwon. Har yau in na bi ta ƙofar gidan nan akwai mai tambayata ko na samu kifi.

Ba raini ya sa na faɗa ba, kewa ce. Amma wanda ya ba ka abincin 'ya'yansa ba ya iya rarrabe kewa da raini, kuma ba aikinsa ba ne ya rarrabe. Yaranka za su yi wannan. Za su ce a Tafki albasa ta fi haka, a Tafki ruwa kyauta ne, a Tafki kaza. Kar ka hana su maganar gida, in ka hana cikinsu za ta ruɓe. Ku zauna ku kaɗai bayan an tashi aiki, kowa ya faɗi abin da ya tuna, mai kuka ya yi, mai ƙarya ya ƙara wa kifinsa tsawo. Amma a gaban mutanen gari, abin da aka ba ku shi ne mai daɗi, ku ci ku gode da gaske.

Akwai ɗaya da har yanzu in na tuna nakan ji nauyi. Sale, mahaifin Habsu da ke cikin tafiyarku, tare muka fito daga tsibiri. Mutum ne mai ƙarfi, ya fi ni iya aiki. Amma duk ranar kasuwar Guci, in babura suka taso a jere suna ƙara, sai ya yar da fartanya ya shige cikin kara, ba ka ƙara ganinsa sai yamma. Na yi haƙuri, na yi haƙuri, ran nan na tare shi a gaban jama'a na ce, “Sale, in aikin ne ba ka so ka faɗa, ka bar fakewa da babur. Dukkanmu mun ga abin da ka gani.” Ya dube ni ya ce, “A'a Habu, ba ka gani ba.” Bai daɗe ba ya tafi Damagaram dako, sai da salla yake leƙo gida, kuma har yau ban san abin da ya gani ba.

A cikin yaranka akwai irin Sale, na lura da su. Wani sai ya yi shiru yini guda, wani ya tashi da faɗa a kan abin da bai kai ya kawo ba, wani barci ya kwashe shi da rana tsaka a bakin aiki. Kar ka kira kowa rago a gaban mutane. Ka ja shi gefe, in bai so magana ba kar ka matsa, ka ba shi aikin da zai iya, ka bar shi kusa da kai. Don ku duka kun fito daga wuta ɗaya, ba shi ne kowa ya ƙone wuri ɗaya ba. Ita kuma Habsu, ka riƙa jin shawararta. Na ji yadda ta yi wa mutanen meri, ofishin magajin gari, bayani ranar da kuka je neman takarda, kai kana ta gyaran hula. Yarinyar nan ta fi ka kai, kai ka fi ta murya, in kun haɗa za ku yi mutum guda mai kyau. Kuma ka koya wa wani tayar da injin nan da gyaransa, kar ya zama in zazzaɓi ya kwantar da kai shuka ta bushe.

Yanzu na zo wurin da nake ta kewayewa tun farkon takardar nan.

Daminar da muka rasa gona, ka tuna yadda muka yi. Maza suna ƙwadago a gonakin mutane, innarka tana daka a gidajen da a da ita ke aika wa da bandar kifi. Samarinmu suka gaji. Suka taru suka yanke shawara za su koma Tafki, wai kifi ya yi yawa tunda ba mai kamawa, wai in ka bi mutanen daji, masu bindigar nan, a hankali ba sa taɓa ka. Wanka, ɗan farina, shi ne gabansu, kamar yadda kake gaban naka yau. Shi suke ji, in ya ce a tashi a tashi, in ya ce a zauna a zauna.

Da safe ya zo ya same ni a ƙofar gida, ina zaune da iyayen sauran yaran. Ya durƙusa ya ce, “Baba, za mu tafi.”

Ka san al'adarmu da ɗan fari. Ba ka kiran sunansa, ba ka ɗaukarsa a gaban mutane, ba ka nuna ka damu da shi. Haka mahaifina ya yi wa wana, haka ni ma na yi, kuma ina ganin mutunci ne. Ga shi kuma ni ne shugaba, ni na jawo aka rasa gonar, 'ya'yan waɗanda ke zaune kusa da ni duk suna cikin tafiyar. Da wane ido zan riƙe nawa in bar nasu? Sai na kawar da kai na ce, “Allah Ya kiyaye hanya.”

Bai tashi nan da nan ba. Ya daɗe a durƙushe yana zane a ƙasa da yatsa. Ni kuwa ina ta kallon wani wuri, ina jira ya tashi kafin mutane su ga idona. Sai daga baya na gane abin da yake jira. Jira yake in hana shi. Shi ba zai iya komawa wurin abokansa ya ce ya ji tsoro ba, shugaba ne. Amma da na ce ban yarda ba, da ya je ya ce, Babana ya hana, kuma ba mai ganin laifinsa, don a ƙasar nan ba a ce wa yaro ya tsallake maganar ubansa. Wataƙila da shi ya zauna da duk sun zauna. Hanyar fita ya zo nema a wurina, ni kuma na tsaya tsaron mutuncina.

Wasunsu sun dawo. Shi bai dawo ba. Ba mu ga gawa ba, ba mu san kabari ba, innarka har yau in mota ta tsaya a bakin kasuwa sai ta bar abin da take yi ta duba.

Saboda haka ka saurara da kyau. Duk abin da na rubuta a sama, magana ce ta wanda ya yi shugabanci zuwa ga wanda zai yi. Ka riƙe garkar nan da hannu biyu. Ka sunkuyar da kai, ka haɗiye abin da ba ya haɗiyuwa, ka yi duk abin da zai sa dattijon nan ya ce ku dawo baɗi. In kun yi iyakar yinku ta ƙi, ka kwaso yaranka ku taho Guci, abin da muke ci mu ci tare, mu sake neman wata ƙofa. Ka roƙe su, ka yi musu faɗa, ka kira iyayensu, ka tare hanya da jikinka in ta kama.

Amma in duk da haka suka juya gabas, kar ka bi su. Na san abin da za ka ce, shugaba ba ya barin mutanensa, kuma ni na koya maka haka. To na janye. Wannan ba maganar shugaba ba ce, maganar uba ce, kuma ba na jin kunyarta. Ka ce musu Babana ya hana. In ba su yarda ba ka nuna musu takardar nan, su ga hannuna. Duk wanda a cikinsu yake neman hanyar fita bai samu ba, ya ce ni ma Malam Habu ya hana ni, na ɗauka, ubansa ya zo ya same ni a ƙofar gida. Su ce tsoho ya ruɗe, su ce na zama matsoraci, a faɗa a kasuwa, duk na ji na karɓa.

Sunan wanka Abdullahi. Tun ranar da aka raɗa masa bakina bai taɓa furta shi ba, ga shi yau na rubuta, ba ya nan balle ya amsa. Kai kana nan. Mutari, na hana ka. Kar ka je.

Allah Ya yi maka albarka, Ya sa ruwan kwarin nan ya ishe ku ya ishi maƙwabtanku, Ya sanyaya zukatan yaran da suka ba ka amana. Allah Ya tsare gabanka da bayanka, Ya dawo mana da kai da ƙafarka ta ƙofar da ka fita. Amin.

Ni ne mahaifinka,
Habu, daga Guci.